Allurar Ƙwanji: Yadda Za Ka Gane Yaronka Ya Fara Ta, Da Yadda Za Ka Raba Shi Da Ita

Shekarata 22 ina koyar da ɗaga ƙarfe a Tudun Wada ta Kaduna. Da muka fara, ƙarfen namu siminti ne da muke cika gwangwanin fenti da shi mu soka bututun ruwa a tsakiya, sai tsofaffin giyoyin mota da muke tsintowa a Panteka. A wancan zamanin idan ka ga mutum da ƙirji, ka san ya ci wake ya kuma sha wuya. Yanzu kuwa da wuya wata ya wuce ban share 'yar kwalbar allura a bayan banɗakin wajen motsa jikina ba, wuyanta a karye, sirinji a naɗe cikin ledar fiya-wata. Abin ya fi yawa idan sallah ta ƙarato, ko an buɗe ɗaukar sojoji da 'yan sanda. Iyaye sukan tare ni a ƙofar masallaci su ce, "Koci, jikin yaron nan ya buɗe ƙwarai, Allah ya saka da alheri." In amsa da amin cikina yana ƙuna, domin na san ba aikina ne ya buɗa jikin ba.

Saboda su nake wannan rubutu: uba, uwa, yaya, matar aure, da abokan sana'ata masu horar da yara. Shi ma mai kwalbar a aljihu ya karanta, ba zagi a ciki.

Ka fara da sanin mene ne abin

A asibiti sunansa sitiroyid mai gina tsoka. A wajen ƙarfe "allura" kawai ake cewa, ko da ƙwaya ce ake haɗiya. Asalinsa wani sinadari ne da Allah ya sa maraina suke yi a jikin kowane namiji, ana ce masa testosteron. Shi ke buɗe muryar yaro idan ya balaga, ya fito masa da gemu, ya gina masa damtse. A 1935 masana a Turai suka gano yadda ake haɗa shi a ɗakin gwaji, daga nan aka yi ta ƙirƙiro 'yan uwansa. Sunayen da za ka fi gani a jikin kwalba ko kwali su ne Sustanon, Deca-Durabolin, Dianabol, Winstrol, Anavar da Anadrol. Akwai kuma trenbolone wanda domin shanun kiwo aka yi shi, da boldenone na dawaki, amma duka biyun na gan su a jakar ɗan Adam.

Magani ne na gaske, likita yakan rubuta shi ga namijin da jikinsa ba ya yin testosteron, ko yaron da balagarsa ta yi jinkiri sosai, ko majinyacin da cuta ta cinye masa nama. Bambancin shi ne masu neman ƙwanji suna ɗura wa kansu ninki goma, wasu har ninki ɗari na abin da likita zai bayar, kuma su haɗa kala biyu ko uku a lokaci guda.

Kada ka haɗa shi da abin da mata ke kira sha-ka-fashe. Wancan yawanci dexamethasone ne ko ɗan uwansa, shi ma ana ce masa sitiroyid amma dangin daban ne: yana kumbura fuska da ciki, ya tara ruwa da kitse, tsoka kuwa cinye ta yake yi. Na taɓa ganin yaron da aka sayar wa shi a kemis da sunan maganin ƙwanji, fuskarsa ta yi kamar an hura, hannuwansa suka sirance. Wannan bambancin zai yi maka amfani a gaba, domin yadda ake barin su ba iri ɗaya ba ne.

Abu na biyu da nake so ka riƙe: allurar tana aiki. Na san iyaye ba sa son jin haka, amma idan ka je wa yaro da cewa ruwa ne kawai take tarawa, ko ƙarya ce ba ta yin komai, ka gama zubar da maganarka, domin madubi yana gaya masa akasin haka kullum. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 1996, mazan da aka yi wa allurar testosteron tsawon mako 10 ba tare da sun taɓa ƙarfe ba sun fi waɗanda suka yi ta ɗagawa babu allura samun tsoka. Ben Johnson na Kanada da ya gudu mita 100 a daƙiƙa 9.79 a Olamfik ta 1988, stanozolol aka samu a fitsarinsa, wato abin da ke cikin Winstrol, aka ƙwace zinarensa cikin 'yan kwanaki. Yaran sun san tana aiki. Abin da mai sayarwa bai gaya musu ba shi ne inda jiki ke ciro kuɗin biyan bashin.

Alamomin da nake dubawa

Na farko sauri. Mai farawa da ke cin abinci sosai yana horo yadda ya kamata, da wuya ya ƙara fiye da kilo ɗaya na tsoka a wata, kuma bayan shekarar farko abin raguwa yake. Idan yaro ya hau sikeli ka ga ya ƙara kilo 8 ko 10 cikin wata biyu, rigunansa sun matse a kafaɗa, naman da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya tashi kamar tozo, to ruwa ba ya tsami banza.

Sai fata. Ƙuraje manya masu ruwa a gadon baya, kafaɗu da ƙirji, ga mutumin da ya riga ya wuce shekarun ƙurajen balaga. Fuska tana maiƙo. Wasu za ka ga zane-zane a bakin hammata kamar na mace mai ciki, saboda naman ya fi fatar sauri. Gashin goshi ya fara ja da baya tun yana ɗan shekara 21. Ku iyaye mata da matan aure ku ne kuka fi ganin wannan, wajen wanki: ɗigon jini a bayan singileti daga ƙurajen da suka fashe, ko a gajeren wando daidai wajen da ake soka allura.

Ka lura da yadda yake zama. Wanda aka yi wa allurar mai a ɗuwawu yakan yi kwana biyu yana karkata gefe guda a kan benci ko a kan babur. Ka lura kuma idan wanda a da ba ya rabuwa da tuɓe riga yanzu ya daina, ko ya koma sa singileti biyu. Sau da yawa kan nono ne ya fara kumbura yana masa zafi, domin idan testosteron ya yi wa jiki yawa, jikin kan juya wani kaso ya koma sinadarin mata.

Hali ma yana canzawa, kodayake ba ga kowa ba. Barci ya ragu, fushi ya zo kusa. Yaron da ba ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya ya fara buga ƙofa a kan an taɓa masa caja. Bayan 'yan makonni kuma sai ka ga ya yi laƙwas, ba ya son fita, ba ya son magana. Wannan hawa da sauka yana bin lokacin da yake kan allurar da lokacin da ta ƙare masa.

Alama ɗaya ba ta isa ka yanke hukunci ba. Uku ko huɗu a tare, ga kuma kuɗi na ɓacewa ba ka ga abin da ya saya ba, to lokacin zama ya yi.

Abin da take yi a ciki

Akwai wani matashi da na horar tun yana sakandare, mai ladabi, yana sana'ar walda. Ya yi aure, aka shekara uku ba haihuwa. Kamar yadda aka saba, ido ya koma kan yarinyar. An kai ta wajen masu rubutu, an kai ta wajen masu maganin Musulunci, ta sha jiƙe-jiƙe har ta rame, dangin miji sun fara zancen ƙaro wata. Da aka je asibiti likitar ta duba ta tsaf, ta ce a kawo mijin. Aka gwada maniyyinsa, ba a samu ƙwayar haihuwa ko ɗaya ba. Mutum ne wanda idan ya tsaya a ƙofa sai ya cika ta. Da takardar a hannu ya zo wajena bayan isha'i, ya zauna a kan bencin da muke ɗaga ƙarfen ƙirji, ya ce, "Koci, na cuci yarinyar mutane." Shekara huɗu yana allura a ɓoye, wani abokinsa ke yi masa a shago.

Ga yadda abin yake. Ƙwaƙwalwa ce ke aika wa maraina saƙo su yi aiki. Idan ta ga jini ya cika da testosteron na kwalba sai ta ɗauka an ƙoshi, ta daina aiken. Kamar gidan da aka saba kawo musu abinci daga waje ne, a hankali murhu ya mutu. Maraina su motse, ƙwayoyin haihuwa su ragu har su ƙare. Tabbacin abin ya kai har Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testosteron a matsayin maganin tazarar haihuwa na maza, wajejen 1990. Yana kan allura sha'awa tana nan har ta yi yawa, shi ya sa ba ya zargin komai. Ranar da ya bari kuma, na kwalba ya tafi, na jiki bai farka ba, sai ya wayi gari ba shi da kuzarin kusantar iyalinsa. Tsoron wannan ne ke mai da da yawansu ga allurar.

Zuciya ita ma tsoka ce, kuma allura ba ta san damtse kaɗai aka aike ta ba. Bangon zuciya yana kauri ya sandare, bugunta ya raunana. Kitsen jini mai amfani ya sauka, mai toshe jijiya ya hau. Jini ya yi kauri, hawan jini ya shigo. Ka haɗa wannan da zafin Kaduna na Maris da Afrilu, mutum yana ɗaga ƙarfe a ƙarƙashin kwano yana zubar da gumi ba ya shan ruwa, ka ga hanyar da ɗan shekara 30 zai faɗi da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. A Danmak an bi diddigin maza 545 da aka kama da sitiroyid a wuraren motsa jiki, aka tarar mutuwa a cikinsu ta ninka ta tsararrakinsu kusan sau uku.

Masu tsoron allura sukan zaɓi ƙwaya, suna ganin ta fi sauƙi. Ita ce ta fi cin hanta, domin an sarrafa ta yadda hanta ba za ta iya narkar da ita da wuri ba. Idanu su yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar shayi ba madara, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. A gida sai a ce shawara ce a dafa saiwa, alhali ƙwayar tana ƙarƙashin katifa ana ci gaba da sha. Ƙoda ma tana wahala, kuma duk wanda ya taɓa raka ɗan uwa wankin ƙoda ya san abin da ake kashewa a mako. Sannan tsoka tana ƙarfi da sauri fiye da jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi. Na ji ƙarar tsinkewar jijiyar ƙirji sau ɗaya da kunnena, kamar an yage sabon yadi, ba na fatan sake ji.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne yaro ɗan 15 ko 16. A bakin dogayen ƙasusuwansa akwai guringuntsin da tsawo ke fitowa daga gare shi, kuma sitiroyid yana rufe shi tun lokaci bai yi ba. Yaron da ya yi allura don a ɗauke shi soja yana iya tsayar da tsawonsa a ƙasa da ma'aunin da ake nema, kuma wannan ba ya dawowa. Mata kuwa, murya ta yi kauri, gashi ya fito a haɓa, al'ada ta rikice, kuma muryar ba ta komawa ko an bari. Jamus ta Gabas ta yi shekaru tana ba 'yan matanta masu wasa Oral-Turinabol da sunan bitamin, wasunsu tun suna ƙanana, kuma da yawansu sun girma da ciwon hanta da matsalar haihuwa.

Ga kuma sirinjin kansa. Mutum uku su yi karo-karo su sayi kwalba ɗaya, su yi ta zuƙa da allura ɗaya. Ta nan ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau ke bi. Kayan da ake sayarwa a ɓoye kuma da yawansu jabu ne, an dama su a ɗaki an manna takarda mai sheƙi, abin da ke rubuce daban, abin da ke ciki daban. Shi ya sa ake samun maruru mai zurfi a cinya ko ɗuwawu wanda sai an tsaga.

Yadda za ka zauna da shi

Kada ka yi a gaban ƙannensa, kada ka yi da bulala, kada kuma ka fara da kiran sunan NDLEA. Yaron da ya kai ga soka wa kansa allura yawanci akwai abin da ke cin sa: an daɗe ana ce masa siriri, ko budurwa ta yi masa gori, ko yana neman aikin tsaron ƙofa a wuraren biki inda girman jiki ne takardar shaida. Idan ka kunyata shi ka ƙara masa dalili.

Ni yadda nake yi, nakan bari kowa ya watse, in ce, "Ɗana, taya ni kwashe ƙarafan nan." Muna cikin aiki in ce masa na ga jikinsa ya canza, na kuma ga bayansa. Kusan kullum amsar farko ita ce, "Wallahi Koci furotin ne kawai." Ba na musu da shi. Nakan ce, "To madalla. Gobe zo mu je a auna jininka, ni zan biya." Na'urar awon hawan jini ba ta gardama. Ranar da ɗan shekara 22 ya ga 150 bisa 95 a hannunsa, shi da kansa yake fara magana a hanyar dawowa.

Idan ya buɗe baki, abubuwan da kake bukatar sani kaɗan ne: sunan abin, tun yaushe, allura ce ko ƙwaya ko duka, yaushe ya yi ta ƙarshe, kuma ko ya taɓa haɗa sirinji da wani. Kada ka zubar da kwalaben cikin fushi. Ka zuba su a leda ka tafi wa likita da su. Wasu za su kawo maka hadisin da ya ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri. Nakan amsa cewa hadisin gaskiya ne, sannan in tambaye shi ko ƙarfin da zai hana shi ɗaukar ɗansa na cikinsa yana ciki. In da malami ko fasto da yake jin maganarsa, a sa shi, amma da sanin yaron.

Ke kuma matar aure, idan ke kika tsinci kwalbar, kada ki tare shi a lokacin da yake cikin zafi. Ki nemi yayansa ko wanda yake jin nauyi. Idan har ya fara kai hannu, ki tafi gida tukuna, maganar magani ta biyo baya.

Asibiti, da watannin da ke biyo baya

Kada a koma wajen wanda ya sayar don neman hanyar bari. Zai ce akwai wasu ƙwayoyi na "wanke jiki", ya sake karɓar kuɗi. Waɗannan magungunan haihuwa ne da na sankarar mama, suna da nasu illolin, likita ne kaɗai zai ce ana bukatarsu ko ba a bukata. A je asibitin Barau Dikko, ko asibitin sojoji na 44, ko Yusuf Ɗantsoho, ko na Shika a Zariya idan an tura ku. A gaya wa likita gaskiya tun daga farko, domin idan aka ɓoye zai yi ta neman ciwo a inda ba ya nan. A nemi awon hawan jini, gwajin hanta da ƙoda, kitsen jini, kaurin jini wanda ake ce wa PCV, gwajin ciwon hanta B da C da ƙanjamau, da hoton zuciya idan ya daɗe yana yi. Mai aure ko mai shirin aure ya ƙara da gwajin maniyyi.

A nan bambancin da na faɗa a baya yake shigowa. Idan ya tabbata dexamethasone ne aka daɗe ana sha, ba a yanke shi rana ɗaya, domin jini na iya faɗuwa mutum ya suma, har a rasa rai. Likita ne ke rage shi a hankali.

Akwai kuma abubuwan da ba a jira wa gari ya waye: ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, idanu ɗorawa, karkacewar baki ko mutuwar hannu, wajen allura da ya kumbura da zazzaɓi. Duk wanda ka gani, a nemi mota.

Watanni uku zuwa shida na farko bayan bari su ne masu wuya, kuma a nan ne iyali suka fi sakaci, suna ganin ai an gama. Jikin zai sauka yana kallo. Ƙarfen da yake ɗagawa da wasa zai gagare shi a gaban yaran da suke yi masa kirari. Kasala, rashin sha'awa, baƙin ciki marar dalili. Wasu har tunanin kashe kansu yake zo musu. Idan ka ji ya fara cewa rayuwar ba ta da amfani, kada ka tsaya a "ka yi haƙuri", ka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, akwai likitocin da wannan ne aikinsu, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Ni a wannan lokacin nakan canza wa yaro lokacin horo zuwa bayan asuba, mu biyu ko uku, in rage masa nauyi, in juya madubin bango. Kada ya bar motsa jiki gaba ɗaya, domin shi ke riƙe masa sauran tsokar da kuma hankalinsa.

Ƙwayar haihuwa takan ɗauki kusan wata biyu da rabi kafin ta nuna, don haka ba a sake gwaji bayan mako biyu a ce ba a ga canji ba. Yawanci tana dawowa cikin watanni zuwa shekara, wanda ya daɗe yana yi kuma yana iya kaiwa shekara biyu. Nonon da ya riga ya yi tauri sai tiyata. Gashin da ya zube da tsawo ba sa dawowa.

Idan ɗan gasa ne

Wanda ke horo a filin wasa na Ahmadu Bello ko dandalin Murtala da burin wakiltar jiha ko ƙasa, ya san ƙa'ida ɗaya: duk abin da aka samu a fitsarinka naka ne, ko koci ne ya ba ka, ko ba ka san yana ciki ba. Hukumar WADA, mai yaƙi da amfani da magungunan ƙara ƙarfi a wasannin duniya, da aka kafa a 1999 tana sabunta jerin haramtattun magunguna kowace 1 ga Janairu, sitiroyid kuma haramun ne a lokacin gasa da wajenta, hukuncinsa yakan kai dakatarwar shekara 4. Deca yana iya nunawa a fitsari bayan watanni masu yawa. Ana kuma ajiye fitsarin har shekara 10 a sake gwadawa. Mariam Usman, mai ɗaga ƙarfen Najeriya, ta biyar ta zo a Olamfik ta 2008 a Bejin. Da aka sake gwaji a 2016 aka kama biyu daga cikin waɗanda suka wuce ta, tagulla ta dawo hannunta. Ina jin daɗin labarin, ina kuma jin zafinsa, domin ranar da ya kamata ta hau dandamali duniya na kallo an riga an sace mata ita.

A yi hattara da gwangwanayen garin gina jiki da ake sayarwa ba lambar NAFDAC. Wani ɗakin gwaji a Kolon ta Jamus ya taɓa auna irin waɗannan kaya 634 daga ƙasashe daban-daban, kusan kashi 15 cikin ɗari na ɗauke da dangin sitiroyid da ba a rubuta a jikinsu ba. Idan likita ya rubuta maka magani, ka gaya masa kai ɗan wasa ne, akwai takardar izini da ake nema kafin gasa. Wanda kuma ka san yana sayar wa yara allura, a kemis ne ko a jaka, ofishin NAFDAC na nan Kaduna.

Abin da za ka ba shi a madadinta

Ba a karɓe abu a hannun matashi a bar hannun wayam. Abin da nake ba su littafi ne da kwano. A littafin muke rubuta nauyin da ya ɗaga kowace rana, domin ya ga da idonsa cewa wanda ya fara tsugunno da kilo 40 a Janairu yana yin 70 kafin damina ta sauka. Horo kwana uku ko huɗu a mako ya isa, a ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, a yi barcin awa 7 zuwa 8, domin a barci naman ke ginuwa.

Kwano kuma, mai kilo 70 yana bukatar furotin wajen giram 110 a rana. Ƙwai ɗaya yana da kusan 6. Ba sai da gwangwanin waje ba. Ƙosai ko alale da koko da safe, da ƙwai biyu. Shinkafa da wake da rana, waken ya rinjayi shinkafar. Awara da yamma, ita ce naman talaka kuma ta fi komai araha a unguwa. Kindirmo, ƙuli-ƙuli a cikin kwaɗon zogale, kifi busasshe a miya, tsire ranar da aljihu ya yarda. Ruwa kuwa a sha har fitsari ya yi fari.

Shi wancan mai waldan, wata 14 bayan ya bari matarsa ta samu ciki. Kafin nan ya je gidan surukansa da ƙafarsa ya faɗa musu inda matsalar take, ya nemi gafarar yarinyar a gaban mahaifinta. An yi suna bara, mace ce. Yana zuwa horo bayan asuba, Litinin da Laraba da Asabar, jikinsa ya ragu da kilo 11, har yanzu yana shan maganin hawan jini. Nonon hagu bai koma ba, yana zubin adashi don kuɗin tiyatar, ya ce kwasarsa tana zuwa bayan babbar sallah.